Daga huɗuba zuwa shahadar haihuwa: yadda za a raɗa wa jariri suna a gidan Bahaushen Sudan

Wata safiyar Laraba a Gadarif mun taru a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu don simaya, wato taron suna kamar yadda ake ce masa a nan Sudan. An shimfiɗa tabarmi, an zagaya da shayin madara da zalabiya, rago na ɗaure a gindin darbejiya. Liman ya yi addu'a aka shafa, sai aka sanar cewa sunan yarinya Ritaj. Yara suka ruga cikin gida da labari. Daga bayan katanga muka jiyo muryar kakar jaririyar, tsohuwa ce da ta haura tamanin: "Wa aka ce?" Aka maimaita mata. "Wa?" Aka sake faɗa. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya raya. Ni dai Laraba zan riƙa ce mata, ai ran Laraba ta zo."

'Yan mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin tsohuwar nan aikinta ta yi, aikin da kakanni mata suka gada tun kafin iyayenmu su ɗauko hanyar gabas a ƙafa. A gidan Bahaushe yaro da suna biyu yake tashi. Akwai sunan yanka, wanda liman ke sanarwa, wanda ke shiga takarda, da shi za a ɗaura masa aure. Akwai kuma sunan gida, wanda ke faɗin ranar da ya zo, da wanda ya biyo, da halin da ya tarar da gidan. Yau mu Hausawan Sudan muna sakaci da duka biyun. Na farkon mun bar wa waya da talabijin su zaɓa mana, sannan mu bar ma'aikaci ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Na biyun kuwa muna binne shi tare da tsofaffinmu. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin, daga ciki har zuwa arba'in.

Tun ciki na wata bakwai: a nemi tsofaffi, a ɗauko biro

Kafin a fara gardamar wane suna ya fi daɗi, maigida ya sayi ɗan littafin rubutu ya je ya zauna gaban wanda ya fi kowa shekaru a danginsa. Abin da za ka tambaya shi ne sunan mahaifinka na yanka, da na kakanka, da na mahaifin kakanka, har inda tsohon zai iya kaiwa. Kowane suna ka nemi laƙabinsa, ka rubuta a gefe. Ka tambayi garin da suka taso, Kano ne ko Sakkwato ko Haɗeja ko Damagaram, da inda suka fara sauka a ƙasar nan. Matarka ma ta yi haka a wajen nata dangin.

Wannan ba neman tarihi ba ne kawai. A Sudan mutum da suna huɗu ake saninsa a takarda: nasa, na uba, na kaka, na uban kaka. Idan za a ba yaro rakam waɗani, lambar ɗan ƙasa da aka fara bayarwa bayan dokar rajista ta 2011, har sunan uwa guda huɗu ake nema. Mu kuwa mun fi kowa sanin nauyin wannan jeri. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa ta wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, ta 1994 kuma ta sassauta zuwa farkon 1956. Ko a wancan lokaci ko a yanzu, hujjarka ita ce jerin sunayen nan da dangin uba da za su tsaya maka shaida. Sunan kaka ɗaya ya karkace, sai ka ga ɗan gida ya zama baƙo a gaban tebur.

Amfani na biyu shi ne, a cikin littafin nan za ka tsinci sunayen da gidanku ya saba juyawa. Sau da yawa sunan da kake nema yana nan a shafi na farko.

Wa ke zaɓa, kuma wa za a mayar

A shari'a haƙƙin raɗa suna na uba ne. A al'ada kuwa uba mai hankali ba ya yanke shi kaɗai. Haihuwar fari akan bar wa iyayen miji, ko a mayar da sunan ɗayansu. Ta biyu akan waiwayi dangin mace. Shawarata ga ango shi ne ya yi maganar nan da matarsa tun da wuri, su biyu a ɗaki, kafin gwaggo da inna da habboba, wato kaka, kowa ta zo da nata. Mace ta ɗauki ciki wata tara, bai dace ta ji sunan ɗanta daga bakin yaran unguwa ba. Idan ba za a sa wanda take so a wannan karon ba, a gaya mata dalili, a yi mata alkawarin na gaba, kuma a cika.

Idan aka mayar da sunan wani babba, wato aka yi masa takwara, sai maganar alkunya ta shigo, kuma a nan ne Bahaushe ya nuna gwanintarsa. Suruka ba za ta buɗe baki ta kira sunan uban mijinta ba, ko da a kan jaririn da ke bayanta ne. Don haka yaron da ya ci sunan kakansa ake ce masa Abba, ko Baba, ko Baffa, ko Magaji. Yarinyar da ta ci sunan kakarta ta zama Ummi, ko Mama, ko Inna, ko Uwani, ko Hajiya. Wata hanyar ita ce a ɗauko inkiyar da ke tafiya da sunan: Usman ya zama Shehu saboda Mujaddadi, Umar ya zama Sanda ko Faruku, Abubakar ya zama Garba ko Sadiku, Yusuf ya zama Maitama, Musa ya zama Kallamu, Ali ya zama Haidar. A mata A'isha ta zama Indo ko Humaira, Fatima ta zama Binta ko Zara, Hadiza ta zama Dije ko Kubura, Hauwa ta zama Kulu ko Jidda, Zainab ta zama Abu, Halima ta zama Sadiya.

Abin da nake roƙo shi ne a zaɓi sunan alkunyar nan da gangan, a rana ɗaya da sunan yanka. Idan aka bar shi, yara ne za su cike gurbin, kuma abin da za su kawo shi ne Hammudi da Abbudi da Fattuma irin na maƙwabta. Ba laifi ba ne, sunayen shagwaɓa ne masu daɗi, amma ba su faɗin cewa yaron nan sunan kakansa yake ɗauke da shi, ba su sa a yi masa kara saboda mai sunan.

Wata tsohuwar al'adar gidajen malamai ita ce a sa wa 'ya'ya maza duka Muhammadu, a bambanta su da lissafi: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Mai son ya raya ta ya raya, sai dai ya karanta abin da zan faɗa a kan suna mai kalma biyu idan mun zo maganar takarda.

Gwaji uku kafin a tsayar da sunan yanka

Na farko ma'ana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman. Ya canza sunan wata daga Asiya mai harafin aini da sadi, wato mai saɓo, zuwa Jamila, ya canza Barra zuwa Zainab. Ke nan ma'ana ba abin wasa ba ce. Mu da muke jin Larabci ba mu da uzurin da ɗan'uwanmu na Kano zai kawo. Amma duk da haka sai ka ga an ɗauko suna don kawai an ji shi a wasan kwaikwayon Turkiyya da aka juya zuwa Larabci, ko don wata 'yar'uwa da ke aure a Riyad ta sa wa tata. Wasu daga cikin sababbin sunayen nan ba su da aibi ko kaɗan. Lujain azurfa ce. Ritaj babbar ƙofa ce, har ana ce wa ƙofar Ka'aba haka. Rayyan ƙofar Aljanna ce ta masu azumi. Tasnim marmaro ne a Aljanna, Afnan rassan itace, Sundus lallausan alhariri. Wasu kuwa sai an yi hattara. Rimas, alal misali, masu sonsa na cewa ruwan lu'ulu'u ne, amma tushen haruffansa a Larabci, ramsu, kabari yake nufi. Sunan da sai an yi dogon bayani kafin a wanke shi, me ya kai ka? Kuma kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani bai mai da ita suna ba, ai Fir'auna ma yana ciki. A tambayi malamin da ya san luga, ba shafin intanet mai jera sunaye dubu ba.

Na biyu bakin kaka. A faɗa wa tsohuwar gidan sunan, a ce ta maimaita. Idan sau uku tana tuntuɓe, a sake tunani, ko kuma a tabbatar an tanadar mata sunan gida da za ta riƙa kira. Kakar da ba ta iya kiran jikanta ba za ta iya yi masa kirari ba, ba za ta ambace shi da suna a addu'ar asuba ba. Wannan asara ce babba ga yaron.

Na uku shekara sittin. Ka ɗauki sunan ka ɗora masa Alhaji ko Hajiya, ka ɗora masa Malam, ka ji ko ya zauna. Sannan ka tuna cewa sunan ɗa namiji a ƙasar nan ba nasa ba ne shi kaɗai. Zai zauna a takardun 'ya'yansa da jikokinsa da tattaɓa-kunnensa. Sunan yayi na 'ya mace da ita zai tsufa, na namiji kuwa zuriya uku za su yi ta jan sa bayan yayin ya wuce.

Sunan gida: abin da tsofaffi suka sani

A nan zan daɗe, domin shi ne abin da ke ɓacewa. Masu jin kunyar sunan Hausa su tuna cewa gari guda a bakin Bahar Azrak, wato reshen kogin Nilu, kudu da Sinnar, laƙabin Hausa yake amsawa, Mai Wurno. Mai Wurno inkiya ce ta Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja ragowar masu hijira zuwa nan bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Sunan yankansa na cikin littattafai, amma laƙabinsa ne ke kan taswira.

Mafi sauƙin farawa su ne sunayen rana. Lahadi: Ɗanladi da Ladi. Litinin: Tanimu ko Ɗanliti, da Altine ko Tani. Talata: Ɗantala da Talatu. Laraba: Balarabe ko Bala, da Laraba ko Balaraba. Alhamis: Ɗanlami da Lami. Juma'a: Ɗanjuma ko Jume, da Jummai. Asabar: Ɗan'asabe da Asabe. Maƙwabtanmu ma suna da Khamis da Jum'a, ba wanda ya ce musu ƙauyanci ne.

Sai sunayen jeri, masu faɗin matsayin yaro a ɗakin uwarsa. Namijin da ya biyo mata shi ne Tanko. Macen da ta biyo maza ita ce Kande ko Delu. Tagwaye Hasan da Husaini, ko Hasana da Husaina, wanda ya biyo su kuma Gambo, namiji ne ko mace. Na ƙarshe Auta. Wanda ya zo bayan uwa ta daɗe ba ta haihu ba, har an fid da rai, Tunau ko Tune. Wanda mahaifinsa ya rasu yana ciki, Audi. Wanda ya daɗe a ciki fiye da lissafi, Shekarau. Mai yatsa shida, Cindo. Wanda ya fito a lulluɓe, Mairiga.

Sai na lokaci: Azumi da Labaran na watan Ramadan, Sallau da Tasalla na ranar idi, Alhaji ga wanda ya zo a ranakun aikin hajji ko da bai taɓa ganin teku ba, Anaruwa ga wanda aka haifa ana tsuga ruwa, Nomau na lokacin noma, Yalwa da Wada na shekarar da rumbu ya cika. Ku duba yadda waɗannan suka dace da mu. A Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, yaron da ya zo ana yankan riɗi da albarka me zai hana a ce masa Maiwada? Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan guntun tarihi ne. Ka ji an ce Tanko, ka san yana da yayye mata ko ba a gaya maka ba.

Ba duka ne za a dawo da su ba, gaskiya. Akwai sunayen 'ya'yan wabi, wato na matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana: Ajuji da Juji, Ayashe, Mantau, Bawa. An sa su ne don a nuna wai ba a damu da yaron ba, ko mutuwa ta kau da kai. Na fahimci zafin da ya haifi waɗannan sunaye, uwar da ta binne huɗu ba a yi mata dariya. Amma camfi ne, ajali ba ya jin suna. Bawa kuwa, a ƙasar da kalmar bauta take da ciwo irin na Sudan, ba na ba kowa shawarar ya ɗora wa ɗansa shi. Gidan da ya sha rashi yana da madadi masu kyau: Barau, Abarshi da Abarta addu'a ce tsantsa, Dogara da Kyauta kuma godiya ce. Larabawan Sudan suna da irin wannan a Awad da Awadiyya da Khalafallah, duk ma'anarsu Allah ya mayar da gurbi.

Yadda za a yi a aikace: a ba kaka mace wannan haƙƙin, kamar yadda yake a da. A gaya mata tun kafin haihuwa cewa sunan gida nata ne, ta shirya. Idan babu kaka a raye, gwaggo ce.

Daga ranar haihuwa zuwa ta bakwai

Da an wanke jariri, uba ko wani dattijo ya ɗauke shi ya yi masa huɗuba: kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, a tauna ɗan dabino a shafa masa a dasashi. Yawancin gidajenmu a nan ake raɗa masa sunan a kunne, a ɓoye shi sai ranar taro. Kada a bar asibiti ko a sallami daya, wato ungozoma, ba tare da an karɓi takardar da ke shaida haihuwar ba. A rubuta rana da wata da sa'a a littafin nan na gida, da lissafin Hijira da na Miladiyya.

Sa'ar tana da amfani wajen ƙirga bakwai. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan an haihu bayan fitowar alfijir ba a lissafa wannan yinin. Wanda aka haifa Talata da hantsi, sunansa Talata mai zuwa. Wanda aka haifa cikin dare kafin alfijirin Talata, an lissafa Talatar, sunansa ya faɗo Litinin. Wasu maƙwabta na lissafa ranar haihuwa ko yaushe aka haihu, shi ya sa akan sami saɓanin kwana ɗaya. A tambayi limamin unguwa tun ranar farko a huta.

Dabba ɗaya ce a Malikiyya, namiji ne ko mace, kamar yadda yake a Risala. Wasu mazhabobin na cewa biyu ga namiji, kuma mai hali idan ya yi biyu ba wanda zai hana shi. Sharuɗɗanta irin na layya ne: ba gurguwa ba, ba mai ido ɗaya ba, ba mara lafiya ba, ba ramammiya ba. Da hantsi ake yankawa, ba da dare ba. A ci, a yi sadaka, a aika wa maƙwabta. Malaman Malikiyya ma ba su so a mai da naman gaba ɗaya walima ba, sun fi son a rarraba. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin magidanta. Fatta da asida da kisra da agashe da godogodon da ake cika faranti da su karamci ne, ba sharaɗi ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 na halarci suna a ajin makaranta inda 'yan gudun hijira daga Madani da Sinja suke zaune, dabino kwano ɗaya aka raba, kuma sunan ya raɗu. Wanda ba shi da halin rago kada ya ci bashi, kada kuma ya bar yaro babu suna yana jiran kuɗi. Annabi ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi.

A ranar ne wanzami ke aske gashin jariri, a kimanta nauyinsa da azurfa ko zinariya a yi sadaka. Gashin bai taka kara ya karya ba, a tambayi maƙerin zinariya kuɗin giram ɗaya ko biyu na azurfa a bayar. A sayo sabuwar reza a buɗe ta a gaban kowa. Aikin wanzami ya tsaya a aski. Cire beli ba ya maganin komai, yana jawo zubar jini da shigar cuta. Kaciyar mata kuwa, ban da cutarwar da ke cikinta, laifi ce a dokar Sudan tun 2020, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara uku.

Idan liman ya sanar da sunan yanka a waje, a cikin gida kaka ta ɗaga jaririn ta sanar da nata a gaban mata, a yi guɗa. Sunan da aka sanar a taro ya fi kama jiki.

Takarda: tun ran gini ran zane

Wani ɗan'uwana ya yi wata huɗu yana zarya kafin a ba 'yarsa lamba, yarinyar na shirin jarrabawar shahada, ta kammala sakandare. Laifin duka na sunan kakansa ne. Tsohon Abubakar ne, gida na ce masa Garba. A takardar ɗansa na fari an rubuta Abubakar, a ta na biyu wani ma'aikaci ya rubuta Babikir yadda aka saba a nan, a ta na uku kuma aka rubuta Garba da ƙaf da ta kuri a ƙarshe, wanda duk mai karatun Larabci zai karanta girba, salkar ruwa. Mutum ɗaya ya zama uku, 'yan'uwa ciki ɗaya suka zama bare a kwamfuta. Sai da aka haɗa da rantsuwa da shaidu.

Irin wannan na faruwa kullum. Shehu ya koma Asshaikh, Audu ya koma Awad, Mamman ya koma Mamun. Ɗanladi a raba shi biyu a ƙirga shi suna biyu. Haruffan Larabci na ofis ba su da c, ba su da ts, ba su da ɗ irin tamu, g kuma da ƙaf ake rubuta ta. Saboda haka ga abin da za a kiyaye.

A je ofishin sijil madani, wato na rajistar jama'a, da wuri, cikin makonnin farko, kada a jira sai yaro zai shiga makaranta. Binciken da hukumar ƙididdiga ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara biyar ba shi da rajistar haihuwa. Wanda ya makara ƙarshensa shahadar tasnin, inda likita zai kimanta shekarunsa, shi ya sa ɗimbin iyayenmu suke da ranar haihuwa ɗaya, 1 ga Janairu.

A tafi da takardar asibiti ko ta daya, da lambar uba da ta uwa, da kasima, wato takardar shaidar aure. A rubuta sunan yaro a gida da haruffan Larabci, baro-baro, a miƙa wa ma'aikaci. Kada a faɗa masa da baki. Sunan uba da na kakanni a kwafe su harafi da harafi daga takardar uban, ko da uban na ganin akwai kuskure a tasa. Idan gyara za a yi, a fara gyara ta uba, sannan ta ɗa ta biyo. Kafin a bar gaban tebur a karanta abin da aka buga, a duba hamza, a duba alif da lam, a duba ko Abdullahi a haɗe yake ko a rabe kamar yadda yake a sauran takardun gidan.

Suna mai kalma biyu, irin Muhammad Sani ko Muhammad Bello, a tabbatar kalmomin biyu sun shiga gurbin farko tare. In ba haka ba Sani zai zama uban yaron, uban na gaskiya ya zama kaka, uban kaka ya faɗi waje.

Sunan gida kada ya shiga takarda, sai dai idan shi ne sunan yankan. Wurinsa littafin gida da bakin mutane.

Sai magana mai nauyi. Riƙo al'adarmu ce mai kyau, amma ɗan riƙo da sunan ubansa ake rubuta shi. A da wasu sun rubuta 'ya'yansu da sunan baffa ko kawu mai takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, don yaro ya sami makaranta. Na san matsin da ya sa aka yi haka. Amma aya ta 5 a suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma rikicin gado da na muharramaka da ke biyo baya ya fi wahalar zaryar ofis nesa ba kusa ba.

Da shahada ta fito, a ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, a tura wa ɗan'uwa biyu a garuruwa daban. Waɗanda suka baro Khartum da kayan jikinsu kawai sun san dalili. Shafukan littafin gida ma a ɗauke su hoto.

Zuwa arba'in

Sunan gida idan ba a kira shi a kwana arba'in na farko ba, ba zai zauna ba. Uwa ta riƙa kiran sa lokacin shayarwa da wanka. A koya wa yayyen jaririn, a gaya musu dalilinsa: ana ce mata Kande ne don ta biyo ku, ku maza. Yara na son suna mai labari, su ne za su kai shi waje. Idan maƙwabciya ta tambayi ma'anarsa, a fassara mata da Larabci kai a ɗage. Ranar da maijego ta fita yawon arba'in, duk gidan dangin da ta shiga ta faɗi sunayen biyu a jere, na yanka da na gida, a sa albarka a kan duka. Wanda aka yi wa takwara kuma, idan yana raye, gidansa ake fara zuwa, a ɗora masa jaririn a cinya ya tofa masa addu'a.